Shawara ga masu amya: ku bar wa ƙudan zuma abincinsu

Salamu alaikum 'yan'uwa masu kiwon zuma.

A hanjin ƙudan zuma akwai ƙwayoyin bakteriya masu amfani, irin su Gilliamella da Snodgrassella, suna taya shi narkar da garin fure (ƙurar nan da yake kwasowa daga cikin fure) da kare shi daga cuta. Sabon ƙuda yana fitowa kusan babu su, wajen 'yan'uwansa yake samu cikin kwanakin farko. Kuma ƙwayoyin suna canzawa da yanayi: masu bincike a Suwizalan sun ga cewa a lokacin sanyi yawansu kan ƙaru, wani iri mai suna Bartonella ya mamaye. Mu ba mu da dusar ƙanƙara irin tasu, amma muna da lokacin da fure ke yankewa.

To, idan ɗorawa da kaɗanya sun gama fure, don Allah kada a kwashe saƙar kakaf, musamman mai garin fure. Ruwan sukari ba ya maye gurbinsa, cika ciki ne kawai.

Kada a zuba wa ƙudan maganin kashe bakteriya na tetirasaikilin da sunan riga-kafi, yana kashe ƙwayoyin masu amfani. Maganin ciyawa na gilaifoset ma haka yake raunana su, a nisanta feshi daga amya.