Yadda Ake Rage Tarkacen Gida Sannu a Hankali, Ba Rigima Ba Da-na-sani

Ranar da na buɗe adakata bayan shekara shida, abin da ya fara tarbata warin danshi ne da na tsohon kafur. Turmin atamfa huɗu ne a ciki tun na lefe, ko ninkinsu ban taɓa warwarewa ba. Na ɗago na sama, lafiya lau. Na biyu ma haka. Ina ɗaga na uku sai ya rabu biyu a hannuna. Ashe tsatsa ta huda gindin adakar, gara ta bi ta nan ta gina hanyarta ta jar ƙasa, ta cinye tsakiyar ninkin ta bar mini gefe-gefe. Na zauna dirshan a ƙasa. Wannan turmin ƙanwata ta roƙe ni shi shekara biyu kafin nan, na ce mata ajiya ce.

Haka aka raine mu: ajiya maganin wata rana. Iyayenmu kuma ba wauta suka yi ba. Macen da ta jera langa da samira da fanteka har rufin ɗaki, asusunta ne ta jera. In ta shiga matsi ta zare saiti ɗaya ta ba dillaliya, in auren 'yarta ya zo ta sauke ta wanke ta yi mata jere. Abin da ya canza shi ne irin kayan da ke shigo mana yanzu. Robar biki da cajar waya da ledar shago ba sa riƙe daraja, wuri kawai suke ci, su zama gidan kyankyasai da ɓeraye. Aikin da ke gabanki shi ne ki raba ajiya da tarkace, kuma ba aikin wuni ɗaya ba ne.

Da farko, zaɓi lokaci da ɗan lungu guda

Kada ki ce ranar Asabar za ki juye gidan gaba ɗaya. Na gwada. Kafin la'asar tsakar gida ta cika, yara suna ta tsalle a kan tulin kaya, maigida ya dawo babu abinci, da magariba na tattara komai na mayar yadda yake, har da ƙarin hargitsi.

Ki ɗauki rabin awa a rana, lokacin da gida ya yi shiru, ko da hantsi bayan yara sun tafi makaranta ko bayan isha. Wuri ɗaya tak: durowa ɗaya, saman sif, ko kwali guda daga ƙarƙashin gado. In kin gama shi ki tsaya, ko da kina jin ƙarfi. Sannu ba ta hana zuwa.

A shekara kuwa, lokacin da ya fi shi ne kaka, wajen Oktoba da Nuwamba. Ruwa ya ɗauke, dama kina bukatar shanya abin da damina ta jiƙa, sannan rigunan sanyi da barguna da kika fitar za su isa hannun masu bukata kafin hunturu ya kankama a Disamba. Lokaci na biyu shi ne watan Sha'aban, domin wadda kika ba zane ta samu ta kai wa tela kafin teloli su cika da ɗinkin sallah.

Fara da abin da zuciyarki ba ta kansa

Ba a farawa da akwatin lefe, ba a farawa da hotuna. Ki fara da kicin da sito. Murfin da ba tukunyarsa, kular da ta daina riƙe zafi, bokitin da ya tsage, gwangwanayen madara guda ashirin alhali biyar kike zuba kayan yaji a ciki, rishon da kika rabu da shi tun da kananzir ya yi tsada. Waɗannan ba sai kin yi shawara da kowa ba, kuma su ne za su saba wa hannunki da fitarwa.

Kwalin magani ma a nan yake, kuma shi ba wasa. Duba kwanan watan lalacewa a jikin kowanne. Maganin yara na gari da ake zuba wa ruwa, kamar amoxicillin, mako ɗaya zuwa biyu yake yi bayan an haɗa shi. Maganin ɗigawa a ido, da zarar an buɗe, galibi mako huɗu ne. Ƙwayar da ta fita daga takardarta har kin manta ta mece ce, ta tafi. Amma kada ki watsa su a bola haka nan, yara na tsince-tsince a can. Ki ƙulle su a leda ki kai kemis ko asibiti ki tambayi yadda za a yi da su.

Kasa huɗu, da tambaya ɗaya

Shimfiɗa tabarma ki kasa kayan gida huɗu: na ajiyewa, na bayarwa, na sayarwa, na zubarwa. Duk abin da kika ɗauka, tambayi kanki: sallah biyu sun wuce, damina da hunturu sun wuce, na taɓa shi? In ba ki taɓa ba, to me yake jira?

Akwai abin da wannan tambaya ba ta hau kansa ba. Babbar tukunyar suna da biki, wadda unguwa ke aro, tana iya shekara biyu a kife kuma tana da amfani. Haka gwal, haka turmi da taɓarya. Wanda ta hau kansa shi ne ankon bikin da ko sunan amaryar kin manta, da rigar da kike jira ki rame ki shiga.

Abin da kika kasa yanke masa hukunci, ki zuba a jakar Gana-mas-go, ki zuge, ki rubuta kwanan wata a jiki. Wata uku ko huɗu. In lokacin ya cika ba ki nemi komai a ciki ba, ki fitar da ita ba tare da kin sake zazzagewa ba, domin kina zazzagewa za ki ga abin da zai ce miki "ni dai bar ni". Jaka ɗaya fa, kada ta haihu.

Tsaya: kayan waye?

Nan ne ake samun rigima, kuma nan ne shawarar da ake kwasowa daga waje ba ta san gidajenmu ba. Gidan Bahaushe ba na mutum ɗaya ba ne, kuma kusan kowane abu a cikinsa akwai mai shi.

Kayan ɗaki na mace ne, iyayenta suka yi mata. Maigida, ko kabet ɗin ya tsone maka ido, ba ka da hurumin kiran masu saye. Ke ma haka, tsohon janareton da ke zaure da tayoyin babur da kwalin wayoyin da suka mutu nasa ne. Ki yi masa magana lokacin da ya ci ya ƙoshi, kuma ki fara nuna masa naki da kika fitar. Kayan abokiyar zama kuwa, ko tsintsiya ce, ki bar mata abinta. In uwar miji na gidan, ƙullin tsummokaranta da ƙwaryarta da tsohuwar tasarta ba naki ba ne. Iyakarki ki ce, "Inna, ko in fitar miki da su su sha iska?" In ta ga dama, a wurin shanyar ita da kanta za ta ware na bayarwa. In ba ta ga dama ba, ki ninke ki mayar.

Sai kayan aro da na amana. Za ki yi mamakin yawan farantan maƙwabta da ke cikin naki, da kwalin wani ɗan uwa da ya ce a ajiye masa zai dawo bayan sallah, yau shekara huɗu. Ki aika a tambaye shi, ki sa masa lokaci cikin mutunci.

Mafi nauyi kayan mamaci. Daga ranar da mutum ya rasu, komai nasa, har hula da buta da carbi, ya shiga dukiyar da za a raba. A fitar da kuɗin jana'iza, a biya bashi, a zartar da wasiyya wadda ba ta wuce sulusi ba, sauran na magada ne kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176. Sau da yawa sai ka ga an kwashe suturar mamaci an rabar sadaka tun kafin bakwai, da kyakkyawar niyya, alhali ba a tambayi kowa ba. In magada duk manya ne kuma sun yarda, madalla. In akwai marayu ƙanana, ba mai ikon yafe rabonsu. A kira malamin da ya san gado, a ƙiyasta, sannan a san abin yi. Kishiyar wannan kuma ita ce a kulle ɗakin shekara da shekaru ba mai iya shiga, har asu da gara su riga magada.

Idan rabonki ya zo hannunki, ba dole sai kin riƙe duka ba. Ni a kayan mahaifiyata mayafi ɗaya na ɗauka da ƙaramar tasar da take jiƙa goro. Mayafin ina sallah da shi. Sauran zannuwan suna jikin ƙannenta, ina ganinsu a wurin biki in gane su.

Takardu

Ki samu jaka mai zif wadda ruwa ba ya shiga, ki haɗa takardun fili da na gida, takardun haihuwa, sakamakon WAEC da NECO, takardar NIN, katin rigakafin yara da rasit ɗin manyan kaya. Ki ɗauki hoton kowacce da waya. Ki ɗora jakar a sama, nesa da ƙasa da bango mai danshi.

Tsofaffin littattafan makaranta a duba masu amfani a ba na baya. Amma duk takardar da ke da ayar Alƙur'ani ko sunan Allah, irin su yagaggen izu, littattafan Islamiyya, kalandar da ke ɗauke da ayoyi, ba a haɗa su da shara, ba a kuma ba mai ƙosai ko mai tsire ya naɗe kaya. A ƙona su a wuri mai tsarki a binne tokar, ko a binne su inda ba a takawa.

Fitar da su a makon nan

Kayan da kika ware suka kwana goma a bakin ƙofa, sun koma ɗaki. Yaro zai zaro takalmi, ke ma za ki zaro mayafi. Saboda haka ki san inda kowane kashi zai tafi tun kafin ki fara.

Na bayarwa, ki fara da na jiki: 'yan uwa a ƙauye, mai yi miki wanke-wanke, almajirin gidanki, maƙwabciyar da ta yi gobara ko ambaliya ta shiga mata. Ki wanke, ki goge, ki ninke, ki aika a rufe ba tare da shela ba. Abin da ya yage ya zama tsumman goge-goge, kada ki kira shi sadaka. Aya ta 267 a Suratul Baƙara ta hana mutum ya zaɓo mummunan abin da shi kansa ba zai karɓa ba sai ya runtse ido, ya ce shi zai bayar. A cikin kowane ƙulli ki sa abu ɗaya da har yanzu kina so.

Na sayarwa, dillaliya ce hanyar da muka sani. Ki shirya zuciyarki, domin za ta ɗaga leshin da kika saya da tsada, ta juya shi, ta taɓe baki ta ce, "Hajiya, ai an daina yayinsa." Gaskiya ta faɗa, ko da ta ƙara gishiri. Ku yanke mafi ƙarancin kuɗin da za ki karɓa, da la'adarta, da ranar da za ta kawo kuɗi ko ta dawo da kaya, kuma ki rubuta abin da ta ɗauka a gabanta. Manyan kaya irin su gado da kujeru da firji, ki sa hotonsu a zauren WhatsApp na dangi ko na unguwa, sau da yawa mai shirin aurar da 'ya na nan yana nema.

Ƙarafa kuma na 'yan gwangwan ne, masu yawo da kura da sikeli. Kada ki ba su a cakuɗe. Ki ware jan ƙarfe daban, shi ya fi tsada, sai alminiyam, sannan baƙin ƙarfe. Tsohuwar tukunyar alminiyam da ta huje narkar da ita ake a zuba sabuwa, don haka tana da kuɗinta. A yi cinikin a ƙofar gida, babba na tsaye, kada a bar wa yara, don yaron da ya ɗanɗana kuɗin gwangwan gobe murfin tukunyarki mai kyau zai ɗauka. Tsohon batirin mota ko na sola akwai dalma da ruwan batir mai ƙuna a ciki. Kada a fasa shi a gida, a kai wa masu sayar da batir, suna saye ko su rage miki a kuɗin sabo.

Toshe inda suke shigowa

In kin share ɗaki kin bar taga a buɗe da hunturu, kin san sauran. Tarkacen gidajenmu ƙofa uku yake bi: biki, kasuwa, da "ai kyauta ce".

Robobi da kofuna da jakunkunan da ake rabawa a biki, tun a hanya ki san wadda za ki miƙa wa, kada su kai ga kabet. Anko ba kowanne ake yi ba. Na 'yan uwa na jiki da aminai ya isa, saura ki sa abin da kike da shi ki kai gudummawarki, ita ce amarya za ta tuna. In sabon zane ya shigo, tsoho ɗaya ya fita a ranar. In za ki yi wa 'yarki kayan ɗaki, ki je ki ga ɗakin tukuna, ki auna shi da igiya, kafin ki shiga kasuwa. Ɗakunan haya na yanzu ba sa ɗaukar jeren da aka yi mana, kuma rabin abin da ake kaiwa a kwalinsa yake tsufa.

Adakar nan tawa na kai an like gindinta, na ɗora ta a kan bulo biyu don ta rabu da ƙasa. Barguna ne a ciki yanzu, ana buɗe ta duk shekara in sanyi ya shigo. Turmi biyun da suka tsira, ɗaya na ɗinka, ɗaya na aika wa ƙanwata. Da ta kira ni, ko godiya ba ta fara yi ba sai da ta tambaya, "Yaya, ina mai ruwan goron nan da na ce ina so?"