Yadda ake amfani da kalmar "infallible" ba tare da an wuce gona da iri ba

Infallible sifa ce ta wanda ba ya kuskure ko sau ɗaya, ko abin da ba ya taɓa gazawa. Asalinta Latin ne: in- mai korewa, da fallere, wato yaudara. Mafi kusa da ita a Hausa ita ce "ma'asumi", shi ya sa masu fassara littattafan addini zuwa Turanci ke sa ta a wurin ismar annabawa. A cocin Katolika kuwa, babban taron Vatican na 1870 ne ya tabbatar da aƙidar papal infallibility, cewa Fafaroma ba ya kuskure idan ya yanke hukunci a hukumance kan imani da ɗabi'a. Ba kowace maganarsa ake nufi ba.

Kalma ce mai nauyi, don haka Turawa sun fi kawo ta da korewa: No one is infallible, ba wanda ya fi ƙarfin kuskure, Doctors are not infallible, likita ma yakan yi kuskure. Mai koyo ya fara da wannan salo, nan ne ta fi zama daram.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne takardar neman aiki. Mutum yana son ya ce shi abin dogaro ne, sai ya rubuta I am infallible, mai karantawa kuwa girman kai zai gani. Reliable ko dependable ake so a nan, haka ma ga direba, mota ko janareta. In kuwa hanya ce da aka tsara yadda ko ɗan koyo ba zai ɓata ta ba, kamar girki mai awo dalla-dalla, foolproof ta fi dacewa.

Kada a haɗa ta da very ko more, domin rashin kuskure ba shi da mataki. Almost da virtually sun halatta. A gabanta an ake sawa, ba a ba: an infallible memory.

Wajen rubutu, "l" biyu ne a tsakiya, ƙarshen kuma -ible, ba -able ba. Wajen furtawa a danna gaɓa ta biyu, in-FA-li-bul. Kishiyarta fallible, sunanta infallibility, bayanau kuma infallibly.