Yadda Ake Haɗa Shayin Rana Mai Sukari da Shuka Na'ana'ar da Za a Sa Masa

A jihohin kudancin Amurka, irin su Jojiya da Alabama da Karolina ta Kudu, idan baƙo ya shiga gidan abinci ya ce a ba shi shayi, abin da za a kawo masa shi ne dogon kofin gilashi cike da ƙanƙara, da baƙin shayi mai sanyi wanda aka riga aka zuba wa sukari. Al'adar ta daɗe a can, domin tun a 1879 wani littafin girke-girke na jihar Bajiniya ya kawo yadda ake haɗa shi, kodayake a wancan zamani da koren shayi ake yi. Baje kolin duniya da aka yi a birnin St. Louis a 1904 ya ƙara yaɗa shan shayi da ƙanƙara, sannan Yaƙin Duniya na Biyu ya katse hanyar koren shayi daga Gabas mai Nisa, mutane suka koma ga baƙi suka zauna a kansa. A 2003 ma wasu 'yan majalisar jihar Jojiya sun gabatar da ƙuduri, cikin raha, na hukunta duk gidan abincin da ke sayar da shayin ƙanƙara amma ba shi da mai sukari.

Shayin rana wani reshe ne na wannan al'ada. Maimakon a ɗora ruwa a wuta, sai a jiƙa ganyen shayi a babbar kwalbar gilashi, a ajiye a baranda inda rana ke dukanta, a bar ɗuminta ya fito da launi da ƙamshi sannu a hankali. Da yake ruwan bai tafasa ba, sinadarin tanin mai sa shayi ɗaci da kama harshe ba ya fitowa da yawa, shi ya sa shayin kan fito garau, mai taushin ɗanɗano. Sai dai rashin tafasar nan shi ne kuma raunin hanyar, kuma a kansa aka gina duk ƙa'idojin da za su biyo baya: abin da za a kai rana ruwa mai tsabta ne da ganyen shayi kawai, sukari da na'ana'a kuwa ta wuta za su bi kafin su haɗu da shi.

Da na'ana'a ya kamata a fara, tunda shayin aikin yini ɗaya ne, ita kuwa tana bukatar makonni kafin a soma tsinkarta. Iri biyu ne suka fi shahara. Akwai Mentha spicata mai koren ganye mai tsini da ɗan tamoji, ita ce ake sa wa shayi a Maroko da sauran ƙasashen Sahara, kuma ita ce mai shan shayin Buzaye ya saba da ƙamshinta. Akwai kuma Mentha piperita mai ƙara ja-ja, wadda sinadarin mentol ya yi mata yawa har takan sa baki ya yi sanyi kamar an sha alewar tari. A ganina ta farkon ta fi dacewa da shayi mai sukari, domin tana ƙara masa armashi ba tare da ta danne ɗanɗanon ganyen ba. A kula kada a ɗauki ɗaɗɗoya a matsayinta. Dangi ne, dukansu ƙararsu mai kusurwa huɗu ce, amma idan aka murza ganye aka shinshina, hanci zai raba gardama.

Ba a wahalar da kai da neman irinta. Mentha piperita haɗin iri biyu ce, ba ta ba da 'ya'yan da za a dogara da su, sauran kuma idan aka shuka ƙwayarsu sukan fito da ƙamshin da bai yi daidai da na uwar ba. Hanyar da ta fi tabbas ita ce yanke reshe. Ko daurin da aka sayo a wurin masu kayan miya zai yi, matuƙar bai yi yaushi ba. A zaɓi reshe mai ƙarfi, a yanke shi tsawon santimita 10 zuwa 15, yankan ya faɗo a ƙasan gaɓa kaɗan, wato inda ganye biyu suka fito suna fuskantar juna, domin daga nan saiwa ke ɓullowa. A zage ganyen ƙasa a bar huɗu ko shida na sama, a tsoma a kofin ruwa, a ajiye a wuri mai haske wanda rana ba ta dukansa kai tsaye. Duk bayan kwana biyu a sauya ruwan. Cikin mako ɗaya zuwa biyu za a ga fararen saiwoyi, idan sun kai tsawon gaɓar yatsa biyu sai a yi dashe.

A tukunya za a dasa ta, ba a fili ba, kuma wannan shawara ce da duk wanda ya ƙi ji zai gani. Na'ana'a tana tura jijiyoyi masu rarrafe a ƙarƙashin ƙasa kamar ciyawar ƙiri-ƙiri, kowane guntu da ya rage sai ya sake toho, har ta kai ga mamaye kwamin albasa da tumatir da ke kusa da ita. Tukunya mai faɗin santimita 25 zuwa 30 ta ishi reshe biyu ko uku. Tsohon bokiti ko randar da ta tsage duk suna aiki, muddin an huda gindinsu, an ɗora tsingaro a kan hudar don kada ƙasa ta toshe ta. Ƙasar kuwa a haɗa kashi biyu na ƙasar lambu, kashi ɗaya na takin dabbobi wanda ya ruɓe sarai ya daina wari, da kashi ɗaya na yashi idan ƙasar mai laka ce. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, kuma ba abin da za a kusantar da ganyen da za a sha ba ne.

Littattafan lambu na ƙasashen sanyi sukan ce a sa ta a cikakkiyar rana, amma wannan magana ba ta yi wa mai lambu a Sakkwato ko Damagaram amfani ba a watan Afrilu. A wuri mai zafi, ranar safe take so da inuwar yamma, saboda haka gefen katanga ta gabas ko gindin bishiya mai sakin haske shi ne mazauninta. Tana son danshi, ba ta son kwanciyar ruwa. A tura yatsa cikin ƙasar. Idan saman ya bushe a ba ta ruwa har ya ɗigo ta ƙasa. Da bazara wannan na iya zama safe da yamma, da damina kuwa aikin shi ne a tabbatar ruwa na fita, kada saiwa ta ruɓe.

Idan tsiron ya kai tsawon taƙi guda, a tsinke kansa a saman gaɓa. Mutane da yawa suna jin tausayin yin haka, alhali duk inda aka tsinke rassa biyu ne za su fito, kuma da haka take cika tukunya maimakon ta miƙe siririya. Haka za a riƙa yi wajen girbi: a yanki reshe, kada a bi ganye ɗai-ɗai ana zagewa, kuma kada a ɗebi fiye da sulusin shukar a lokaci guda. Ƙamshi ya fi ƙarfi da hantsi, kafin rana ta take, da kuma kafin ta yi fure, don haka da zarar an ga kan fure a cire shi. Ƙananan ƙwari masu tsotsa sukan taru a bayan ganye, musamman lokacin hunturu da iska ta bushe. Fesa ruwa da ƙarfi kan kore su, idan sun yi naci a yi amfani da ruwa mai ɗan sabulu, a ɗauraye washegari. Ɗigo-ɗigo masu launin tsatsa a bayan ganye kuwa cutar naman gwari ce, maganinta a yanke rassan da suka kamu a ƙona su, a daina jiƙa ganyen wajen ban-ruwa. Bayan shekara ɗaya ko biyu saiwa za ta cika tukunyar, tsakiya ya mutu. A zazzage, a raba gida uku ko huɗu, a sake dasawa a sabuwar ƙasa.

Sai batun shayin. A samo kwalbar gilashi mai faɗin baki da murfi, mai cin lita 4. Gilashi ya fi roba, domin ba ya riƙe wari, ba ya canza ɗanɗano idan ya ɗau zafi, kuma ana ganin tsabtarsa da ido. A wanke ta da sabulu da ruwan zafi, a ɗauraye sosai. Idan mai ɗan famfo ce a ƙasa, a kwance famfon a wanke shi daban, saboda a nan datti ke maƙalewa. Ruwan da za a zuba ya zama wanda aka tafasa ya huce. Ma'aunin mai sauƙin riƙewa ne: ƙunshin shayi ɗaya na Lipton ko makamancinsa ga kowane rabin lita, wato takwas ga lita 4. Mai amfani da ganyen da ba a ƙunsa ba ya sa ƙaramin cokali takwas, ya tace daga baya. A rataye zaren ƙunshin a bakin kwalbar, a rufe, a kai rana tun wajen ƙarfe 10 na safe.

Awa biyu zuwa uku sun isa, kuma ko da wane dalili kada a wuce huɗu. Dalilin wannan iyaka shi ne ruwan da ke cikin kwalba a rana yawanci ba ya wuce kimanin digiri 54 a ma'aunin Salshiyas, alhali ƙwayoyin bakteriya sun fi hayayyafa ne tsakanin digiri 5 zuwa 60. Ganyen shayi amfanin gona ne da aka busar, ba a kashe duk ƙwayoyin da ke jikinsa ba, kuma ruwan ɗumi gida ne a gare su. A 1996 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ba da shawarar a dafa shayin ƙanƙara da ruwa mai zafin kusan digiri 90 na minti 3 zuwa 5, kuma kada a ajiye shi fiye da awa 8. Wani zai ce ai ranar Sahel ta fi ta Jojiya zafi, amma ko da ruwan ya ƙara hawa, sai ya shafe sa'o'i yana ratsa wancan matakin ɗumi kafin ya kai. Wannan ne ya sa ba a zuba sukari tun farko, don abinci ne ga ƙwayoyin, ba a kuma jefa ɗanyen ganyen na'ana'a da ya fito daga ƙasa da taki.

Yayin da kwalbar ke rana, sai a haɗa ruwan sukari. Sukari ba ya narkewa da kyau a ruwan sanyi, ƙasan kofi yake komawa, shi ya sa ake narkar da shi daban. A zuba giram 200 na sukari da ruwa kofi ɗaya a ƙaramar tukunya, a juya a wuta har ya tafasa ya zama garau. A sauke, a jefa na'ana'a cikin tafin hannu guda wadda aka wanke sau biyu aka ɗan murza, a rufe nan take na minti 15 zuwa 20, sannan a tace. Rufewar tana da muhimmanci domin man da ke ɗauke da ƙamshin yana bin tururi ya gudu, haka nan idan aka bar ganyen yana tafasa a wuta, ɗanɗanon dafaffen ganye zai bayar. Mai son citta na iya sa yanka biyu ko uku tare da sukarin.

Idan launin shayin ya yi ja mai duhu kamar zuma, a shigo da shi, a cire ƙunshin ba tare da an matse ba, domin matsewa ɗaci take fitarwa. A zuba rabin ruwan sukarin, a juya, a ɗanɗana, sannan a ƙara gwargwadon bukata, ana tuna cewa sanyi da narkewar ƙanƙara suna rage jin zaƙi. Giram 200 a lita 4 shi ne abin da yawancin gidajen kudancin Amurka ke ɗauka matsakaici, wasu ma suna ninkawa. Idan aka lissafa, kowane kofi na ɗauke da kusan giram 12, wato ƙaramin cokali uku, yayin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke shawartar babba kada ya wuce kimanin giram 50 a yini, giram 25 kuma ya fi. Ni ina ganin giram 120 ya wadatar idan na'ana'ar mai kyau ce. Wasu masu girki a can sukan sa ɗan bekin soda, abin da yatsu biyu suka ɗauka, don rage kama harshe, amma shayin rana bai cika bukatarsa ba. Lemon tsami kuwa a kofi ake matsa shi lokacin sha.

Daga nan firji kai tsaye, kuma a shanye a ranar. Inda wutar lantarki ba ta tsayawa, a haɗa lita ɗaya ko biyu kawai, a sanyaya da ƙanƙarar da aka amince da ruwanta, a sha nan take. Duk shayin da ya yi kauri, ko ya nuna yauƙi kamar zare-zare idan ana zubawa, ko ya sauya wari, a zubar da shi, a wanke kwalbar da tafasasshen ruwa.

Ga mai juna biyu, da ƙananan yara, da tsofaffi, da marar lafiyar da garkuwar jikinsa ta yi rauni, a bar rana gaba ɗaya. Ana samun kusan irin wannan ɗanɗano idan aka jiƙa ƙunshi takwas ɗin a kwalbar aka sa a firji na awa 8 zuwa 12, daga dare zuwa safiya. Ko kuma a tafasa lita ɗaya, a sauke, a jiƙa su na minti 5, a cire, a cika da lita uku na ruwan da aka tafasa ya huce, a bar shi ya ɗan sha iska kafin ya shiga firji, domin shayi mai zafi idan ya gamu da sanyi farat ɗaya launinsa kan dushe. Ruwan sukarin da na'ana'arsa kuwa ba ya canzawa ko wace hanya aka bi, kuma idan an zuba shi a kwalba mai tsabta aka rufe, zai yi mako guda a firji.