Yadda Ake Gina Labarin Kaboyi a Kan Coge da Ramuwar Gayya

Wanda zai rubuta labarin kaboyi yakan yi saurin tanadar doki da malafa da bindiga, ya manta da abin da ke riƙe da labarin tun daga tushe, wato nisan da ke tsakanin mutumin da aka cuta da kotun da za ta ƙwato masa haƙƙinsa. Idan wannan nisa bai fito fili ba, duk harbin da jaruminka zai yi kisan kai ne kawai, kuma mai karatu ba zai goya masa baya ba.

Ka fara da tsayar da shekara da wuri. Yawancin irin waɗannan labarai suna faruwa ne a yammacin Amurka tsakanin 1865, lokacin da yaƙin basasar ƙasar ya ƙare, da wajen 1890. A 1867 aka fara koro garkunan shanu daga Texas zuwa tashar jirgin ƙasa ta Abilene a Kansas, fitacciyar ƙaramar bindigar Colt mai cin harsashi shida ta fito a 1873, waya mai ƙaya kuma ta soma yaɗuwa bayan 1874, ta datse burtali da mashayar dabbobi. Saboda haka rikicin shinge ba zai yi daidai da labarin da aka ajiye a 1868 ba.

Daga nan sai cutar kanta, kuma a nan ya kamata ka fi daɗewa. Kaboyi ɗan ƙwadago ne mai karɓar abin da bai wuce dala 30 zuwa 40 a wata ba, wanda yakan shafe watanni biyu ko uku a bayan shanu kafin a biya shi a dunƙule a ƙarshen tafiya, ya shiga gari da kuɗinsa a aljihu, inda 'yan caca suke jiran sa. Wasan karta da ya fi tashe a mashayun wancan zamani shi ne faro, wanda ake zaro kartarsa daga wani ɗan akwati, kuma akwai akwatunan da aka ƙera musamman don mai rabo ya iya zaro biyu a maimakon ɗaya. Wasu kuma sukan yi wa bayan karta alama da farce ko allura. Idan kana son cuta mai girma fiye da ta tebur, akwai sauya alamar da ake yi wa shanu da ƙarfe mai zafi, inda ɓarawo kan ƙara layi ɗaya ko biyu a kan alamar mai shanu ta koma tasa, akwai kuma ƙwace filin ƙaramin manomi da ya samu eka 160 a ƙarƙashin dokar rabon ƙasa ta 1862, musamman idan rafi ya ratsa filin. Kowacce ka zaɓa, ka bari mai karatu ya ga cogen da idonsa, amma ka hana jaruminka hujjar da zai kai gaban alƙali. A ganina cutar da ta haɗa da wulaƙanci a bainar jama'a ta fi ta dukiya zalla ƙarfi, domin mutum yana iya haƙura da dala ɗari, amma da wuya ya haƙura da dariyar da aka yi masa.

Kafin jaruminka ya taɓa bindiga, wajibi ne ya nemi doka, ita kuma ta gaza a gabanmu. Ka san masu riƙe da ita, domin ba ɗaya suke ba: sherif zaɓaɓɓe ne na gunduma, mashal na gari hukumar garin ce ke naɗa shi, mashal na tarayya kuma da mataimakansa gwamnatin Amurka suke yi wa aiki. Tarihi ya ba da misalin gazawar da ta fi ƙirƙira daɗi. A ranar 2 ga Agusta 1876 wani mutum mai suna Jack McCall ya harbi fitaccen ɗan bindiga Wild Bill Hickok ta baya yana cikin karta a garin Deadwood, wata kotun masu haƙar zinariya da aka haɗa cikin gaggawa ta sallame shi bayan ya ce Hickok ne ya kashe ɗan'uwansa, sai daga baya aka sake kama shi, aka yi masa shari'a a Yankton bisa hujjar cewa Deadwood tana cikin ƙasar 'yan asali ta Lakota, don haka kotun farko ba halastacciya ba ce, aka rataye shi a 1877. A yankin da daga baya ya zama Montana kuwa, a Janairun 1864, 'yan sa-kai sun rataye sherif ɗin Bannack da kansa, Henry Plummer, bisa zargin shi ne shugaban 'yan fashi. Kada dai ka nuna kamar babu kotu ko kaɗan, domin alƙali Isaac Parker ya zauna a Fort Smith daga 1875 zuwa 1896, kuma an rataye mutum 79 da ya yanke wa hukunci. Kotu tana nan, sai dai tana da nisa, ko an sayi shaidu, ko tsoro ya rufe musu baki.

Sannan ramuwa. Hausawa sun ce ramuwar gayya ta fi gayya zafi, kuma aikinka shi ne ka sa zafin ya taɓa mai ramawar ma. Bayan artabun da aka yi a garin Tombstone na Arizona ranar 26 ga Oktoba 1881 tsakanin 'yan gidan Earp masu riƙe da doka da wani gungun da suke gaba da shi, an yi wa Virgil Earp kwanton ɓauna aka nakasa masa hannu, aka kashe ƙanensa Morgan Earp a Maris 1882 yana wasan biliyad, waɗanda ake zargi da harin Virgil kuma suka kawo shaidun da suka wanke su. Ɗan'uwansu Wyatt Earp, wanda a lokacin mataimakin mashal na tarayya ne, ya bi mutanen da yake zargi yana kashewa, sherif ɗin gundumar kuma ya bi shi da takardar kamu, har ya bar Arizona. Mai lambar hukuma yana farautar mai lambar hukuma, kowa yana cewa shi ne doka. Irin wannan sarƙaƙiya ita ce za ta hana labarinka zama na nagari da mugu kawai. Haka nan ka tuna cewa masu ɗaukar doka a hannu suna kuskure, wani lokaci ma da gangan, kamar yadda manyan masu shanu suka rataye Ella Watson a Wyoming a 1889 da sunan satar shanu, alhali rikicin fili da ruwa ne a tsakaninsu.

Faɗan ƙarshe ya zama gajere. Artabun Tombstone bai wuce kimanin daƙiƙa 30 ba, kuma tsayawar mutum biyu fuska da fuska a tsakiyar titi abu ne da bai cika faruwa ba, an fi harbi ta baya ko cikin duhu ko cikin maye. Garuruwa irin su Dodge City da Tombstone suna da dokar hana yawo da makami, wanda hakan zai tilasta wa jaruminka neman dabarar shigar da bindigarsa, masu hankali kuma harsashi biyar suke zubawa a bindiga mai cin shida don gudun ta tashi da kanta, saboda haka ka riƙa lissafin harbin da aka yi.

Tun kafin ka rubuta babin farko ka yanke abin da ramuwar za ta ci wa jaruminka, ko fili ne, ko matar da yake nema, ko damar sake kwana a garin, sannan ka dasa wannan abin a shafukan farko yadda mai karatu zai san darajarsa. Ka kuma yanke wanda zai ba da shaida a kansa washegari, domin gawar da ya bari a titi sai an yi bincike a kanta, kuma mai binciken yana iya zama sherif ɗin da ya ƙi sauraron ƙararsa tun farko.