Darasi na 9: Abincin iguwana, baƙuwar dabba mai cin ganye

Wani ɗalibin ajinmu na dare, mai gadi a wani gida nan cikin Yamai, ya tsaida ni wata rana bayan an tashi karatu, ya miƙo mini salularsa. Ya ce, "Malam, don Allah dubi wannan dabba. Maigidana ya yi tafiya ya bar mini amanarta, yau kwana huɗu ke nan ba ta sa komai a baki ba." Na duba hoton, sai ga wani irin ƙadangare kore shar, da doguwar wutsiya, da jerin ƙayoyi a gadon baya kamar haƙoran zarto, ga wata fata tana reto a ƙarƙashin haɓa. Na tambaye shi abin da yake ba ta. Ya ce fara, da dafaffen ƙwai, wani lokaci har da ragowar shinkafa da miya. Da na tambayi dalili, sai ya ce, "Ai ƴar'uwar damo ce, Malam."

Kama da wane ba ta wane. Damo yana cin ƙwari da fara da dodon koɗi da ƙwai. Ita wannan sunanta iguwana, kuma ganye ne abincinta tun tana ƙarama har ta tsufa.

Iguwana ba ƴar ƙasarmu ba ce. Asalinta dazuzzukan nahiyar Amurka ne masu ruwan sama da yawa, daga kudancin Meziko har zuwa Barazil da Faraguwai. A can bisa itatuwan bakin kogi take wuni, tana tsinkar ganye da fure. Babba takan kai mita 1.5 ko fiye in an haɗa da wutsiya, kuma wadda ta sami kulawa takan rayu shekara 15 zuwa 20. Tun 1977 tana cikin dabbobin da CITES, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, ta sa wa ido, ba a ƙetare iyakar ƙasa da ita sai da takarda. Ni ba na ba kowa shawarar ya je ya sayo ta, don ɗawainiyarta ta fi yadda ake zato. Amma wanda ta riga ta shiga hannunsa, haƙƙinta yana wuyansa, dole ya san abin da zai ba ta.

Me ya sa ba a ba ta nama

A can ƙarshen hanjin iguwana akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani. Su ne ke narkar mata da ganye, kusan yadda ake yi a tumbin saniya. Jikinta duk a kan wannan aka gina shi. In aka dinga ɗura mata nama, ko ƙwai, ko fara, ko abincin kare da na kyanwa na gwangwani, ƙodarta ce ke ɗaukar nauyin. Abin baƙin cikin shi ne ba a ganin ɓarnar da wuri. Dabbar ma takan yi girma da sauri, mai ita ya yi ta murna, sai bayan ƴan shekaru ƙoda ta gaza, a lokacin kuwa magani ya yi wuya. Tuwo, burodi, madara, da duk abin da aka sa wa mai ko gishiri ko yaji, su ma ba nata ba ne. Kada cinta ya ruɗe ka. Takan karɓi abin da aka miƙa mata ko da zai cuce ta.

Yadda ake haɗa kwanonta

Ka ɗauka abincin kashi goma ne. Kashi bakwai ganye, kashi biyu kayan lambu, kashi ɗaya ƴaƴan itace.

Ta wajen ganye Allah ya yi mana sauƙi a Yamai. Zogala ba ta yankewa a kasuwar Katako da ta Wadata, rani da damina, kuma tana da sinadarin kalsiyam da yawa, wato abin da ke gina ƙashi. A haɗa ta da ɗanyen ganyen wake da ganyen dankalin Hausa. Ɗanya za a ba ta, ba wadda aka dafa don kwaɗo ba. Kada a tsaya kan ganye ɗaya kullum, a riƙa haɗa iri biyu ko uku a kwano guda, a kuma riƙa sauyawa.

Akwai ganyen da ake ba ta kaɗan kaɗan. Alayyahu da yakuwa suna da wani sinadari mai kama kalsiyam ya hana jiki amfana da shi, don haka sau ɗaya a mako ya isa. Kabeji ma haka, yawansa yana taɓa wani ƙullutu na maƙogwaro mai daidaita aikin jiki. Salati kuwa, wanda mutane suka fi saurin saya saboda arha a lokacin sanyi, kusan duk ruwa ne. Iguwana tana sonsa, za ta cika ciki da shi, amma ba ya gina ta.

Kayan lambu su ne kuɓewa, kabewa, karoti da koren wake. Ƴaƴan itace kuma gwanda, mangwaro, kankana, ko ɗan yankin ayaba. Ta fi son su a kan komai, kamar yaro da alewa, shi ya sa ake taƙaita su.

Abubuwan da ba a kusantar da su gare ta ko kaɗan: aboka (wasu na ce mata piya), albasa, tafarnuwa, ganyen tumatir, ɗanyen ganyen rogo, da tumfafiya. Haka nan furen nan mai ruwan hoda da ake shukawa a bakin katangar gidaje, wanda masu sayar da fure ke kira loriye, dafi ne. In ana sakin ta a tsakar gida, a fara duba abin da aka shuka.

Iguwana ba ta tauna. Haƙoranta ƙanana ne masu kaifi, yanka kawai suke yi ta haɗiye. Saboda haka a yayyanka ganye daidai faɗin bakinta, a goga karoti da kabewa a magogi, a cakuɗa duka don kada ta tsince abin daɗi ta bar sauran. Kafin nan a wanke komai da ruwa mai tsabta sau biyu ko uku, don masu garka suna fesa maganin ƙwari, kuma ɗan abin da mutum ba zai ji ba yana iya kwantar da ita. Kada a tsane ganyen, a bar shi da danshinsa, yawancin ruwan da take samu daga nan yake. Da hantsi ake ba ta, bayan ta sha rana jikinta ya ɗumama. Abin da ya rage da la'asar a kwashe.

Rana rabin abinci ce

Wannan shi ne abin da ɗalibin nan bai sani ba, kuma ya fi komai ba ni tausayi. Da na je gidan ranar Lahadi, na iske dabbar cikin akwatin gilashi a falo, na'urar sanyi tana ta aiki. Muƙamuƙinta na ƙasa ya kumbura, in ka taɓa sai ka ji ya yi laushi. Yatsun ƙafarta na baya suna rawa, ba ta iya ɗaga cikinta daga ƙasa.

Jikin iguwana ba ya haɗa ɗumi da kansa. Sai ta sami wurin da zafinsa ya kai digiri 30 zuwa 35 sannan abinci ke narkewa a cikinta. Bayan haka, akwai wani ɓangare na hasken rana da ke sa fatarta ta samar da bitamin D3, kuma in babu shi, kalsiyam ɗin da ta ci ba ya shiga jini. Sai jiki ya koma yana zaƙulo shi daga ƙashi, har ƙashin ya yi laushi. Gilashin taga yana tare wannan haske, don haka zama a bayan gilashi ba shan rana ba ne. A fitar da ita cikin keji na waya da hantsi, rabi a rana rabi a inuwa, ta zaɓa da kanta. Kada a taɓa ajiye akwatin gilashi a rana, zafi zai kashe ta cikin ɗan lokaci.

Yanayin garinmu yana son lura. A watan Afrilu da Mayu, da zafi ke wuce digiri 40, ranar safe kaɗai ta ishe ta. A Disamba da Janairu kuma dare yakan sauko wajen digiri 15, sai a shigar da ita ɗaki mai ɗumi. Iskar hunturu tana busar da ita ƙwarai, tunda ƴar ƙasar laima ce. A ajiye mata faffaɗar roba da ruwa wadda za ta iya shiga ciki, a kuma yayyafa mata ruwa safe da yamma. Takan yi kashi a cikin ruwan, don haka kullum a sauya shi. In ka ga tana atishawa wani farin abu yana bushewa a hancinta, ba mura ba ce, gishirin da ya yi wa jikinta yawa take fitarwa.

Mun kai waccan iguwana wurin likitan dabbobi, ya rubuta garin kalsiyam da ake barbaɗawa a abinci, ya kuma faɗi adadin. Da farko ta ƙi ganye sam. Sai mai gadin ya dinga murza nunannen mangwaro a tafin hannunsa yana shafe zogalar da shi, ya ajiye kwanon ya koma nesa ya zauna. A kwana na uku ta miƙo harshe ta lasa, sannan ta ɗauki ganye ɗaya. Bayan wata biyu ta koma hawa reshe, ko da yake muƙamuƙin bai koma daidai ba har yau.

Duk wanda ya taɓa ta ko ya wanke kwanonta ya wanke hannu da sabulu, don dabbobi irinta suna ɗauke da ƙwayar cutar salmonela mai sa zawo da zazzaɓi. Kwanonta da wuƙar yankan ganyenta su zama daban da na girki, kuma kada a bar ƙananan yara su yi wasa da ita.

Aikin aji

Rubuta a littafinka sunayen ganye uku da za a iya ba iguwana kullum, da biyu da ake ba ta sau ɗaya a mako. Sannan ka yi wannan lissafi: in abincinta na kwana biyu ya kai cikin hannu 20, nawa ne ganye, nawa ne kayan lambu, nawa ne ƴaƴan itace? Ranar kasuwa kuma ka tambayi kuɗin ƙullin zogala da na kuɓewa, ka rubuta su da lamba, ka zo da su aji mu haɗa kuɗin abincinta na mako guda.