Ranar babban wasa a Rumde Ajiya: yadda za ka shiga, ka kalli ƙwallo, ka fita da ƙafarka

Mai shirin zuwa kallon babban wasa a filin Rumde Ajiya na Garwa, ko filin Idriss Mahamat Ouya na Njamena, yawanci fargabarsa ba ta wuce ɓarayin waya da rigimar magoya baya. Waɗannan suna nan, amma abin da ke ɗauke rayuka da yawa a lokaci guda shi ne matsi a bakin ƙofa, gab da busa usur na farko ko jim kaɗan bayan na ƙarshe.

Ranar 24 ga Janairu 2022, Kamaru za ta kara da Komoros a filin Olembe na Yawunde, a gasar cin kofin Afirka. Filin yana ɗaukar mutum 60,000, kuma dokar korona ta hana a cika shi, wato ciki akwai wuri. Duk da haka mutum takwas suka rasu, har da yaro, 38 suka jikkata, a ƙofar kudu inda jama'a suka taru ana dab da fara wasa. Washegari shugaban hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka (CAF), Patrice Motsepe, ya ce ƙofar da ya kamata a samu a buɗe an same ta a rufe. Kwana ɗaya kafin wasan Olembe, Garwa ta karɓi wasan Najeriya da Tunisiya, gari ya cika da baƙi, aka tashi lafiya. Tsakanin ranar da ake tashi lafiya da wadda ba a tashi ba, sau da yawa ƙofa ɗaya ce da rabin awa.

Lissafin ƙofa

Ƙa'idar da ake aiki da ita a filayen Ingila ta ce mashiga ɗaya, irin mai ƙarfen nan da ke juyawa, ba ta wuce mutum 660 a awa. Kusan mutum 11 ke nan a minti, in tikiti bai ba da matsala ba kuma ba a tsaya gardama da kowa ba. To a ce ƙofar da aka rubuta a tikitinka tana da mashiga huɗu, sai mutum 5,000 suka iso cikin rabin awa na ƙarshe. Waɗanda za su samu wucewa ba za su kai 1,400 ba. Sauran suna tsaye, suna jin ihu daga ciki, na baya suna ƙara matsowa. Babu mugu a cikinsu. Na baya bai san halin da na gaba yake ciki ba, shi dai ya ga ana motsi sai ya ɗauka layi ne ke tafiya, alhali mutane ne ake dannewa wuri guda.

Saboda haka makaminka na farko agogo ne. In wasa ƙarfe biyar ne, ka kasance a bakin fili tun ƙarfe biyu da rabi ko uku. Ka sayi tikiti tun kafin ranar, daga wurin da masu shirya wasa suka sanar. Tikitin hannun 'yan bumburutu, in ya zama jabu, a bakin mashiga za a gane, sai a ce ka juya, kuma juyawa cikin layin da ya cika yana daga cikin abubuwan da ke toshe ƙofa. Ka duba lambar ƙofa da ɓangaren da aka rubuta, ka nufi can kai tsaye. Katin shaida ya kasance a jikinka, domin jandarma ko ɗan sanda na iya tambaya tun a shingen farko, musamman in daga Marwa, Ngaundere, Kusuri ko Yola ka taso.

In ka makara, ka iso ka tarar bakin ƙofa ya zama dunƙule guda, babu layi, wasu na hawan shinge, to ka tsaya nesa har ya lafa, ko ka nemi gidan kallo. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Haka nan in aka ce an buɗe ƙofa kyauta, kada ka bi sahun masu rugawa.

Abin da za ka sa

Takalmi mai rufi da igiya, a ɗaure tam. Silifas ko fade, da zarar an taka bayansa ya cire, kai kuma sai ka sunkuya nema, a nan ake faɗuwa. Babbar riga a bar ta a gida don tana maƙalewa a ƙarfe. Mace ta sa hijabi madaidaici, ko ta naɗe gyale ta soke bakinsa, kada ya zama abin da za a taka ya shaƙe wuya. Waya da kuɗi a aljihun gaba, jakar baya ba ta da amfani a nan.

Maganar goyo kuwa ba ta da sassauci: kada a je babban wasa da jariri a baya. A cikin matsi, bayan uwa shi ne wurin da nauyin jama'a ke sauka, kuma ba ta ganin fuskar ɗan. Yaron da kansa bai wuce ƙirjin manya ba shi ma iska ba ta isa gare shi. In dole sai an je da yaro, babba ɗaya ga yaro ɗaya, a rubuta lambar waya a takarda a sa masa a aljihu, kuma da an ga alamar cunkoso a ɗora shi a wuya tun ana iya ɗaga hannu.

Yadda ake gane matsi tun bai kama ka ba

Masana taron jama'a suna auna cunkoso da yawan mutane a murabba'in mita ɗaya, wato fili kamar sallaya guda da ɗan ƙari. Mutum biyu ko uku a wannan fili, kowa na tafiya yadda ya so. Huɗu, kafaɗa ta fara gogar kafaɗa. Biyar shi ne iyaka. Daga shida zuwa sama jama'a sun daina zama ɗaiɗaiku, sun koma kamar ruwa a kwarya: in an tura daga can gefe, sai igiyar ta ratso ta kwashe ka taki biyu ko uku ba da sonka ba.

Ba za ka tsaya ƙirga mutane ba, don haka ga gwaji mai sauƙi. Ka ɗaga hannu ka taɓa hancinka. In sai da ka yi kokawa kafin hannun ya fito, lokacin fita ya yi. In ana taɓa ka ta gaba da baya da gefe biyu a lokaci guda, ko ka ji ƙafarka ta bar ƙasa na ɗan lokaci, ka riga ka shiga haɗari.

Mutane suna cewa “an tattake su”, amma da yawa daga masu mutuwa a turmutsutsu a tsaye suke cikawa. Duk sanda mutum ya fitar da numfashi ƙirjinsa na ɗan shiga ciki, matsin ya cike gurbin, sai ya kasa buɗewa ya shaƙi wani. Cikin ɗan lokaci ya suma, cikin 'yan mintoci ƙwaƙwalwa ta fara lalacewa. Ƙarfin da taro ke turawa da shi yana lanƙwasa shingen ƙarfe, balle haƙarƙarin ɗan Adam.

In ya riga ya kama ka, ɗaga hannuwanka gaban ƙirji kamar ɗan dambe, gwiwar hannu a manne da haƙarƙari, ɗaya hannun ya riƙe ɗaya. Wannan ɗan tazarar shi ne wurin numfashinka, kuma in ka bari hannuwa suka sauka ƙasa ba lalle su sake tasowa ba. Ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, gwiwa a ɗan lanƙwashe. Kada ka yi dambe da igiyar, ba za ka iya ba, ƙarfinka kawai zai ƙare. Ka bi ta, in ta lafa za ka ji ɗan sassauci na daƙiƙa kaɗan, a nan za ka matsa a karkace, gaba da gefe, taki ɗaya ko biyu, ka jira lafawa ta gaba. Gefen taro kake nema, amma gefen da yake buɗe. Bango, shinge, ginshiƙi da ƙofar da take rufe su ne inda matsin ya fi tsanani, nan ne aka fi kwasar gawa.

Ka rage ihu, iska kake asara. Kanka a sama. In waya ko hula ta faɗi, ta tafi ke nan. In na kusa da kai ya zube, ku ɗaga shi nan take, domin wanda ya faɗi yana barin rami, na bayansa su afka ciki, wasu su hau kansu. In kai ne ka faɗi kuma tashi ya gagara, ka juya ka kwanta ta gefe, ka naɗe gwiwa zuwa ƙirji, hannuwa su kare kai. Rigingine da rub-da-ciki duka suna ba nauyi damar sauka a kan ƙirji kai tsaye.

Wanda ke can baya shi ke da ikon ceton na gaba. In ka ji ana cewa “a koma baya”, ka tsaya, ka ja baya, ka juya ka faɗa wa na bayanka.

Bayan ka zauna

Kafin ka fara neman 'yan wasan Coton Sport, ƙungiyar Garwa, da ido, ka nemi mafita biyu: wadda ka shigo ta ita, da wata daban. In abu ya faru kusan kowa ta inda ya shigo yake komawa, sai wata ƙofar ta zauna fayau. Ka lura da inda 'yan agaji da motar asibiti suka tsaya. Kada ka zauna a kan matakala ko a gindinta, kada ka jingina da shingen gaba, domin in aka ci ƙwallo na sama kan zubo ƙasa.

Sai rana. Daga Maris zuwa Mayu zafin Garwa da Njamena yana haura digiri 40, kuma wanda ya zo da wuri zai yi awa biyu ko uku a kan siminti mai zafi kafin a take leda. Ka sha ruwa tun daga gida, a ciki kuma kamar rabin lita kowace awa. A wasu wasannin ana karɓe gora a ƙofa, don haka ka riƙe canji na sayen ruwan leda. In kana zufa sosai, haɗin lita ɗaya na ruwa da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri ya fi ruwa zalla. Jiri, ciwon kai da tashin zuciya alama ce ta a nemi inuwa a sha ruwa. Amma in mutum ya fara sambatu, ko ya rikice bai san inda yake ba, jikinsa zafi rau, wannan bugun zafi ne mai kisa: a kai shi inuwa, a kwance masa riga, a kwarara masa ruwa a jiki ana fifita, a kira 'yan agaji, kuma kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa a baki. Mai azumi a irin wannan wata, gaskiya gara ya kalla a talabijin. Lokacin hunturu kuma ƙura ce, mai asma kada ya baro abin shaƙarsa a gida.

In aka harba barkonon tsohuwa

Dokar FIFA ta hana amfani da hayaƙi mai sa hawaye a cikin fili, saboda an ga abin da yake jawowa. A Akara ta Ghana, ranar 9 ga Mayu 2001, a wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko, 'yan sanda suka harba shi cikin 'yan kallo, jama'a suka ruga ƙofofi, mutum 126 suka mutu. A Malang ta Indunisiya a 2022 aka maimaita, aka rasa 135. A sarari, hayaƙin yana yaji yana sa tari, amma yawanci cikin minti 15 zuwa 30 a iska mai kyau ya sake ka. Matakalar da kowa ya nufa ido rufe ita ce ba ta sakin mutum. Ka rufe hanci da baki da tsumma, kada ka murza ido, ka matsa sama ko gefe inda iska ba ta kai hayaƙin, da tafiya ba da gudu ba. In ka samu ruwa mai tsabta ka wanke ido. Da ka ga an fara jifa da gora ko dutse kan hukuncin alƙalin wasa, tun kafin jami'an tsaro su motsa, ka tashi daga ɓangaren.

Fita

Ko ka fita saura minti goma, ko ka zauna minti 15 zuwa 20 bayan an tashi. Tsakiyar nan ce mai haɗari, musamman in magariba ta kawo kai kowa na sauri. A waje masu moto sukan cushe bakin ƙofa, gara ka taka 'yan mintoci ka hau a inda hanya ta sake. Ku da kuka zo tare ku tsayar da wurin haɗuwa tun kafin shiga, wani masallaci ko gidan mai da ke nesa da ƙofa kaɗan, domin layin waya yakan toshe in dubban mutane na kira lokaci guda. Gajeren saƙo ya fi saurin wucewa. A Kamaru lambar 'yan sanda 117 ce, jandarma 113, 'yan kwana-kwana 118.

In aka zaro mutum daga matsi a sume, a kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri, a ɗaga haɓarsa, a duba ƙirji na daƙiƙa goma. In yana numfashi, a juya shi ta gefe a tsare shi. In ba ya yi, a danna tsakiyar ƙirji da tafin hannu biyu, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, bayan kowane 30 a hura masa iska sau biyu a baki, tunda rashin iska ne ya kai shi ga haka. A ci gaba har ma'aikatan lafiya su karɓa. Yayyafa ruwa da jijjiga ba sa dawo da numfashi.

Wanda kuma ya fito da ƙafarsa yana cewa ba komai, a sa masa ido kwana ɗaya zuwa biyu. In ƙirji na ciwo in ya ja numfashi, ko yana tari da jini, ko ciki ya ɗaure, ko fitsarinsa ya koma kalar shayi, a kai shi asibiti a ranar. Fitsari mai duhun nan alama ce tsokar da aka danne ta fara zubar da abin da ke lalata ƙoda, kuma ƙarin ruwa da wuri ne maganinsa.