Yadda Ake Neman Matsalar Wayarin Mota da Mita

Yaran da ke zuwa koyon wayarin a garejinmu da ke Bauchi, kusan dukkansu ƙarar mita, wato na'urar auna wuta (multimeter), ce ke yaudararsu. Su ɗora tsinken mita nan, su ɗora can don gwada ko waya ta tsinke, mita ta yi "tiii", sai ka ji "Oga, waya lafiya lau." Ina! Ko silin tagulla ɗaya ne ya rage a cikin waya, mita za ta yi ƙara.

Fara da batir. Baƙar waya a ramin COM, ja a ramin V, ka juya zuwa DC 20. Mota a kashe, cikakken batir volt 12.6 yake nunawa, 12.2 rabin caji ne. Ka tayar da inji: in bai kai wajen 13.8 zuwa 14.5 ba, tuhumi altaneta, mai cajin batir. Kuma don Allah ka duba ramin jar wayar kafin ka taɓa batir. In tana ramin 10A, fiyus ɗin mitar ya tafi, in kuma ba ta da fiyus a wannan ramin, mitar ko wayoyinta na iya ƙonewa. 'Yar mitar nan mai araha ta isa, kada wani ya sa ka kashe kuɗi.

Ga inda na sha wuya. Wata Golf ta haya, bayan damina, fitilar gaba ɗaya ta yi ja kamar aci-balbal. Na canja ƙwai, na canja soket, na cire ƙwan na auna, 12 cif. Kwana biyu ina abu ɗaya. Ashe sai wuta na gudu laifin ke fitowa.

Don haka bar ƙwan a jikinsa, kunna fitilar. Baƙin tsinke a kan negetib na batir, ja a wayar da ke komawa bodi daga soket. Lafiyayyar hanya ba ta wuce 0.2. Tawa ta nuna kusan 3. Na bi wayar har inda aka ɗaure ta da bodi, na kwance noti, tsatsa ce jawur a ƙarƙashi. Na goge da samfefa, fitila ta dawo tar. Haka za ka yi a ɓangaren fozitib: ja a kan fozitib na batir, baƙi a wayar da ke kawo wuta soket, kada ya wuce 0.5.

Fiyus kuwa ba sai ka zare ba. Akwai ƙananan ƙarafa biyu a bayansa; buɗe makulli, baƙin tsinke a kan negetib na batir, ka taɓa kowanne da ja. Wuta a gefe ɗaya kawai, ya ƙone. Ka sa mai lambarsa daidai, ban yarda a naɗa masa waya ba.